Antwerp, garin da motocin Beljiyam ke fitowa: duk ginin da ka gani, kogi ne ya gina shi

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar motoci a Kano ko Kaduna, ko yana da ɗan uwa cikin masu zuwa Kwatano sarin mota, ya san kalmar nan ta Beljiyam. Mota 'yar Beljiyam, firji ɗan Beljiyam, injin Beljiyam, har ta kai duk wani kaya na hannu da ya fito daga Turai sunansa kenan ko da daga Jamus ko Faransa aka kwaso shi. Amma kaɗan ne cikinmu suka san ƙofar da kayan nan ke fitowa. Da yawansu a tashar jiragen ruwa ta Antwerp ake lodinsu, wani tsohon gari a arewacin Beljiyam, yankin da ake kira Flanders inda yarensu ɗaya ne da na mutanen Holan ba Faransanci ba. Mu ta fuskar mota muka san shi, su kuma Turawa da 'yan Japan da Amurkawa ta fuskar yawon buɗe ido suka san shi, suna zuwa kallon coci da zane-zane da tsofaffin gidaje su ɗauki hoto su wuce. Ni kuwa abun da nake so in bayyana shi ne, gine-ginen nan ba tarin kayan kallo ba ne kawai da aka jera, kowanne in ka duba shekarar da aka gina shi za ka gane ko a lokacin kogin garin a buɗe yake ko a toshe, da kuma kuɗin waye ke shigowa.

Abu na farko da ya kamata mutum ya riƙe, in ba haka ba komai zai rikice masa: Antwerp ba a bakin teku take ba. Tana can ciki kusan kilomita 80 daga teku, a gaɓar kogin Schelde, kuma bakin kogin inda yake shiga teku ba a Beljiyam yake ba, a ƙasar Holan yake. Wato gidanka ne amma ƙofar zauren a hannun maƙwabci take. Duk tashi da faɗuwar garin nan na shekara ɗari biyar a kan wannan maganar ɗaya yake juyawa.

Kafin Antwerp ta zama wani abu, Bruges ce uwar kasuwa a yankin. Sai mashigin ruwan Bruges da ake kira Zwin ya dinga cikewa da yashi da laka har manyan jirage suka kasa shiga, ga kuma rigimar da mutanen Bruges suka yi da sarki Maximilian har suka tsare shi a 1488, shi kuma ya umarci fatake baƙi su tattara su koma Antwerp. A daidai wannan zamanin ambaliyar teku ta riga ta zurfafa hanyar ruwan da ke kaiwa Antwerp. Faɗuwar wani tashin wani. A 1501 jirgin Fotugal ya sauke masoro da sauran kayan ƙamshi na Indiya a Antwerp, daga nan sarkin Fotugal ya mai da garin zangonsa na sayar da kayan yaji ga duk arewacin Turai. Dalili kuwa mai sauƙi ne, 'yan Fotugal suna da masoro da kirfa da kanumfari amma suna neman azurfa da tagulla, attajiran kudancin Jamus irin su gidan Fugger suna da ma'adinai, Ingilawa kuma suna da yadin ulu da suke kawowa a rina a gyara. Mutum uku kowa na neman abun da ke hannun ɗan uwansa, Antwerp ta zama fatomar da ke saukar da su duka.

A nan akwai abun da ya shafe mu wanda mai jagoran yawon buɗe ido ba lallai ya faɗa maka ba. Tagullar nan da 'yan Fotugal ke saya ta hannun Antwerp, wani kaso nata mundaye ake ƙerawa da ita a kai gaɓar Afirka ta Yamma a sayi zinariya da hauren giwa da bayi. Wani bincike da aka fitar a 2023 ya nuna cewa da yawa daga cikin shahararrun kayan tagullar masarautar Benin da irin wannan ƙarfen na yankin Rhine aka zuba su. Kuma mai zanen nan na Jamus, Albrecht Dürer, da ya zauna a Antwerp a 1521 ya zana hoton wata budurwa baƙar fata mai suna Katharina, 'yar shekara 20, tana aiki a gidan wakilin kasuwancin Fotugal. Kenan tun farkon arzikin garin akwai Afirka a ciki, ba sai zamanin Kwango ba.

To yanzu a shiga gari. Abun da za ka fara hangowa daga ko'ina shi ne hasumiyar babbar majami'ar garin, tsawonta mita 123. An fara ginin a 1352 ba a gama ba sai 1521, kusan shekara 170, waɗanda suka haƙa tushe jikokin jikokinsu ma ba su ga ƙarshe ba. In ka tsaya a gabanta za ka lura hasumiya biyu aka tsara amma ɗaya ce ta kai sama, ɗayar ta tsaya a rabi kamar an datse ta. Mutane na ɗauka salo ne, ba salo ba ne. A lokacin da kuɗi ya yi yawa har shirin ƙara faɗaɗa majami'ar aka yi fiye da yadda take, sai gobara ta tashi a 1533, kuɗin da za a yi sabon aiki ya tafi a gyara, bayan nan kuma rigimar addini ta shigo, shi kenan hasumiya ta biyu ta zauna haka har yau.

Ɗan taku kaɗan daga nan akwai tsohuwar kasuwar hada-hada da aka gina a 1531, wadda ake lissafawa a matsayin gini na farko da aka yi musamman don 'yan kasuwa su haɗu su yi cinikin kaya da takardun bashi ba tare da kayan suna gabansu ba. Thomas Gresham, wakilin sarautar Ingila a Antwerp, ita ya kwaikwaya ya je ya gina ta Landan. Sai dai wadda za ka shiga yau ba ta 1531 ba ce, ta ƙone a 1583, ta sake ƙonewa a 1858, ginin yanzu na 1872 ne, ya daɗe a rufe yana lalacewa kafin a gyara a sake buɗewa a 2019. Ka riƙe wannan, don zai yi ta maimaituwa: abu da yawa da ake nuna maka a matsayin tsoho a Antwerp, wurin ne tsoho, ginin kam an sake shi.

Haka babban dandalin garin, Grote Markt, inda kowa ke ɗaukar hoto. Gidan hukumar gari da ke wurin an gina shi tsakanin 1561 da 1565, lokacin da garin ke da mutum kusan 100,000, wanda a Turai ta arewacin tsaunukan Alps in ka cire Faris da wuya ka sami wanda ya fi shi. Gini ne na mutanen da suka tabbata gobe tasu ce. Shekara goma sha ɗaya kacal ya yi aka banka masa wuta. Abun da ya faru shi ne ƙasar a lokacin tana ƙarƙashin sarkin Sifaniya, Philip na biyu, ɗan Katolika na gani kashe ni, alhali 'yan kasuwa da masu sana'a da yawa a Antwerp sun koma Furotesta. A watan Agusta 1566 masu zafin ra'ayi daga cikinsu suka afka majami'u suka farfasa gumaka da zane-zane, babbar majami'ar nan ma ba ta tsira ba. Sarki ya turo soja. Sai baitulmalin Sifaniya ya karye a 1575, soja suka yi wata da watanni babu albashi, ranar 4 ga Nuwamba 1576 suka yi bore suka faɗa wa garin da ya fi kowanne kuɗi, kwana uku suna kisa da wawaso da ƙone-ƙone, dubban mutane suka mutu. Har yau mutanen garin suna da suna na musamman da suke kiran wannan ta'asa, fushin Sifaniyawa.

Bugu na ƙarshe ya zo a 1585. Garin ya shiga tawaye sosai, sai kwamandan Sifaniya Alexander Farnese ya yi masa ƙawanya sama da shekara guda, kuma dabarar da ya yi ita ce ta kogi, ya gina gada ta katako da jirage ya tare Schelde gaba ɗaya don kada abinci ya shigo. Mutanen gari sun cika jirage da albarushi sun sako su kan gadar, sun kashe sojoji da yawa amma ba su iya karya ƙawanyar ba. Ranar 17 ga Agusta suka miƙa wuya. Aka ba 'yan Furotesta wa'adi, ko su koma Katolika ko su sayar da kayansu su bar gari. Cikin 'yan shekaru mutanen garin suka ragu zuwa wajen 42,000, kuma waɗanda suka tafi su ne masu jari da masu ilimin sana'a da masu sanin hanyoyin fatauci, da yawansu Amsterdam suka nufa. Su kuma 'yan tawayen arewa, waɗanda suka zama ƙasar Holan, tunda bakin kogi na hannunsu sai suka rufe shi. Ba wai ko kwale-kwale ba ya wucewa ba, a'a, kaya na shiga amma sai an sauke an sake lodi a ƙananan jirage an biya haraji, babban jirgin teku dai ba zai zo Antwerp kai tsaye ba, wanda a harkar tashar ruwa wannan kisa ne. Yarjejeniyar Münster ta 1648 ta tabbatar da rufewar a rubuce. Haka aka zauna shekara wajen 200. Duk wanda ya je Amsterdam yana mamakin arzikinta na ƙarni na 17 ya sani wani babban kaso daga Antwerp ya yi hijira.

Ga inda lamarin ke da ɗaure kai, kuma nan ne masu yawon buɗe ido suka fi ruɗewa. Abubuwan da aka fi zuwa kallo a Antwerp, zane-zanen Rubens da majami'u masu ado kamar gidan sarauta, ba na zamanin arziki ba ne, na bayan faɗuwa ne. Ta yaya gari zai karye sannan ya fi yin ado? Amsar ita ce majami'un an wawushe su an farfasa, cocin Katolika kuma ya ƙudura sai ya nuna ya dawo da ƙarfinsa a wannan gari na kan iyaka da 'yan Furotesta, don haka ya zuba kuɗi a cike bango da zane. Attajiran da suka rage kuma suna da dukiya amma babu jiragen da za su zuba ta, sai ta koma gidaje da filaye da bashi da kayan ƙawa. Peter Paul Rubens ya dawo daga Italiya a 1608, aka yi sulhun shekara goma sha biyu tsakanin Sifaniya da 'yan tawayen arewa daga 1609, aiki ya yi masa yawa har gidansa da ya saya a 1610 ya zama kamar masana'anta, yara na shimfiɗa zane shi yana gyarawa yana sa hannu, shahararren mai zane Anthony van Dyck ma a wurinsa ya yi aiki. Manyan zanukansa biyu da ke cikin babbar majami'a, na ɗaga gicciye da na saukowa daga gicciye, a waɗannan shekarun aka yi su. Sojojin Faransa sun kwashe su zuwa Faris bayan sun ci ƙasar a 1794, sai bayan faɗuwar Napoleon aka dawo da su. Majami'ar Carolus Borromeus da 'yan ɗariƙar Jesuit suka gina tsakanin 1615 da 1621 tana da zane 39 na Rubens a rufinta, tsawa ta faɗo a 1718 duk suka ƙone. Ko kai ba mai shiga coci ba ne, sanin wannan zai sa ka gane cewa adon nan magana ce ta siyasa da addini ake yi da fenti, ba alamar kasuwa na ci ba.

Ni dai in aka ce in zaɓi wuri ɗaya tak a garin, ba majami'a zan zaɓa ba, gidan Plantin-Moretus zan zaɓa, kuma ina ganin duk mai ƙaunar littafi haka zai yi. Christophe Plantin Bafaranshe ne da ya zo Antwerp yana ɗinkin littafi, ya fara ɗab'i a 1555, kafin wani lokaci maɗaba'arsa ta zama mafi girma a Turai. Tsakanin 1568 da 1572 ya buga Baibul mai juzu'i takwas cikin harsuna biyar, Ibrananci da Girkanci da Latin da Aramaik da Siriyanci, ka yi tunanin aikin, kowane harafi da hannu ake zuba shi da dalma a jera shi ɗaya bayan ɗaya, a harsunan da wasu daga dama ake karanta su wasu daga hagu. Surukinsa Raphelengius, wanda ya riƙe reshen maɗaba'ar a Leiden, har haruffan Larabci ya sa aka sassaƙa, ya kuma haɗa ƙamus na Larabci da Latin da aka buga a 1613 bayan rasuwarsa. Abun da ya sa gidan nan ya bambanta da sauran shi ne ba a sake gina shi don baƙi ba. Zuri'ar ɗaya surukin nasa, Jan Moretus, suka riƙe sana'ar kusan shekara 300 ba su zubar da komai ba, injinan buga littafi na katako ciki har da biyu da ake cewa su ne mafi tsufa da suka rage a duniya, akwatunan haruffa, teburin masu gyaran kuskure, littattafan lissafin kuɗi da albashin ma'aikata, har a 1876 suka sayar wa hukumar gari da komai a ciki. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2005. Kuma wallahi akwai darasi a yadda gidan ya tsira, don a shekarar ta'asar Sifaniyawa Plantin ya koma wannan wurin, sai da ya yi ta biyan kuɗin fansa ga sojoji kafin su bar masa injinansa. A garin nan ne kuma Abraham Ortelius ya fitar da kundin taswirorin duniya a 1570, wanda ake ɗauka shi ne na farko irin na zamani.

Kogin bai buɗe ba sai da Faransawa suka zo a ƙarshen ƙarni na 18. Napoleon ya ziyarci garin a 1803, ya ga wuri ne da zai iya ajiye jiragen yaƙi yana fuskantar Ingila, ya sa aka haƙa manyan matsayan jirage, wanda har yau ɗaya na ɗauke da sunansa. Bayan Beljiyam ta ɓalle daga Holan a 1830 rigimar ta dawo sabuwa, yarjejeniyar 1839 ta ba Holan damar karɓar kuɗin fito a kan duk jirgin da zai shiga, sai a 1863 Beljiyam tare da gudummawar ƙasashen da jiragensu ke amfani da tashar suka biya Holan kuɗi dunƙule aka soke harajin har abada.

Yanzu ka koma dandalin Grote Markt ka kalli mutum-mutumin da ke tsakiya, wani saurayi ya ɗaga yankakken hannu zai jefa. Tatsuniyar ita ce wai wani basamude mai suna Antigoon ya tare kogi yana karɓar kuɗin fito, wanda ya ƙi biya ya yanke masa hannu, sai wani jarumi Brabo ya kashe shi ya yanke nasa hannun ya jefa a ruwa, wai daga jefa hannu sunan garin ya samo asali a yarensu. Masana harshe sun fi karkata ga cewa sunan daga tudun ƙasar da kogi ya tara a gaɓa ya fito. Tatsuniyar tsohuwa ce, amma mutum-mutumin Jef Lambeaux ya yi shi aka kafa a 1887, shekara 24 bayan soke harajin Holan, kuma kowa a garin ya san wane basamude ake nufi. Gidajen ƙungiyoyin masu sana'a da ke kewaye da dandalin, masu dogayen goshi da gumakan zinariya a sama, mafi yawansu a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 aka sake gina fuskokinsu bisa tsofaffin zane. Wato garin da ya sake samun kuɗi ne ya koma ya gina wa kansa irin tsohon zamanin da yake so a tuna. Kuma mutanen nan da ke gyara dandali su ne dai a shekarun 1880 suka rushe unguwa mafi tsufa a garin, ɗaruruwan gidaje, don a miƙe gaɓar kogi jiragen tururi su samu wurin tsayawa. Shi ya sa ƙaramar ganuwar nan ta Het Steen, gini mafi tsufa a garin na farkon ƙarni na 13 wanda ya daɗe yana gidan yari, take tsaye ita kaɗai a bakin ruwa kamar an manta da ita, unguwar da take ciki ce aka share.

Sai tashar jirgin ƙasa, wadda gaskiya in ka sauka a cikinta sai ka tsaya ka ɗaga kai, ƙubba da marmara kala-kala da matakala kamar fada. Louis Delacenserie ya tsara ta, aka gina tsakanin 1895 da 1905, daga baya aka haƙa ƙarƙashinta har jirage na shiga hawa-hawa, aikin da aka gama a 2007. Amma duba shekarun. Daga 1885 zuwa 1908 Kwango mallakin sarki Leopold na biyu ce shi kaɗai, ba ta ƙasar Beljiyam ba, kuma roba da hauren giwar da ake tatsa daga can da bulala da garkuwa da mata da yanke hannaye, a Antwerp ake sauke su, garin ya zama babbar kasuwar hauren giwa ta duniya. Gwamnati ce ta gina tashar ba aljihun sarki ba, amma zamanin da ya haifi wannan taƙama zamanin Kwango ne. A bakin ruwan nan ne wani akawun kamfanin jirage na Liverpool, Edmund Morel, ya lura cewa jirage na zuwa maƙare da roba da haure amma in za su koma bindiga da harsashi da sojoji suke ɗauka ba kayan ciniki ba, ya gane cewa ba saye ake ba ƙwace ake, ya ajiye aiki ya shiga fallasa. A baje kolin duniya na 1894 a garin nan an kawo 'yan Kwango sama da ɗari an ajiye su a ƙauyen kwaikwayo ana kallonsu, wasu a nan suka mutu. Sai a 2020 aka cire mutum-mutumin Leopold da ke unguwar Ekeren bayan masu zanga-zanga sun ƙona shi.

Shi ya sa maganar hannu take min nauyi. Hannu shi ne tambarin garin, ana sayar da biskit da cakulan masu siffar hannu a kowane shago, gidan tarihin MAS da aka buɗe a 2011 an manna wa bangonsa dubban ƙananan hannaye na ƙarfe. Na yarda asalinsa tatsuniyar Brabo ce kuma ta girmi Leopold da ɗaruruwan shekaru, biskit ɗin ma a 1934 wani mai gashi ya ƙirƙiro shi ba da wata mugunta ba. Amma ɗan Afirka da ya ga hotunan yaran Kwango masu dungu ba zai iya karɓar hannun cakulan a garin da aka sauke robar ya ci hankali kwance ba, kuma bai kamata a ce masa ya cika ƙorafi ba. Abun da nake ganin ya dace shi ne duk mai jagora da ya ba da labarin basamude ya ba da ɗayan labarin a wuri ɗaya, ba sai baƙo ya tambaya ba.

Unguwar lu'ulu'u tana nan gefen tashar, 'yan tituna ne marasa kyan gani cike da kyamarori, Yahudawa da Indiyawa 'yan Gujarat da Labanawa da Armeniyawa, shekaru da yawa mafi yawan ɗanyen daiman na duniya ta nan yake bi, yanzu Dubai da takunkumin da aka sa wa na Rasha da kuma wanda ake haɗawa a masana'anta sun rage mata ƙarfi. Babu abun kallo sosai. Gara ka hau rufin MAS, kyauta ne, ko ka leƙa gidan tarihin Red Star Line inda mutum wajen miliyan biyu, da yawansu talakawa da Yahudawan gabashin Turai, suka bi aka duba lafiyarsu aka fesa wa kayansu magani kafin su hau jirgi zuwa Amurka tsakanin 1873 da 1934. Duk wanda ke jin Turawa na maganar 'yan ci-rani yau ya kamata ya ga wurin nan. Wani abu kuma, za ka lura babu gada a kan kogin a tsakiyar gari, saboda jirage, sai hanyar ƙarƙashin ruwa ta masu tafiya a ƙasa da aka buɗe a 1933, mita 572, har yau da matakalarta ta katako mai tafiya da kanta. Ka bi ta ka fita ɗaya gaɓar, daga can ne ake ganin garin yadda matuƙan jirgi ke ganinsa.

Ita tashar jiragen ruwan kanta ta bar cikin gari tuntuni, ta yi arewa har iyakar Holan, ita ce ta biyu a Turai bayan Rotterdam, kuma a 2022 ta haɗe da ta Zeebrugge, tashar ruwan Bruges, wato Antwerp da Bruges da suka yi kishi shekara 500 yanzu hukuma ɗaya ce. Saboda tashar nan ne Jamus ta yi wa garin ruwan rokoki a yaƙin duniya na biyu bayan sojojin ƙawance sun ƙwace ta lafiya a Satumba 1944, roka ɗaya da ta faɗa gidan silima na Rex ranar 16 ga Disamba ta kashe mutum 567. Ta nan motocinmu ke fita, ta nan kuma hodar iblis ke shiga Turai, a 2023 kaɗai tan 116 aka kama. Kuma har gobe ƙofar zaure na hannun maƙwabci, duk lokacin da ake son zurfafa kogin don manyan jiragen kwantena sai an zauna da Holan, yarjejeniyar 2005 ma sai da ta haɗa da sharaɗin a sakar wa ruwa wani yankin gonaki na Holan mai suna Hedwige, aka yi shekaru ana rigima da manoma da 'yan siyasa kafin a fasa shingen a 2022.

Faɗaɗar tashar ta cinye ƙauyuka sukutum a shekarun 1950 da 1960, Oosterweel da Oorderen da Wilmarsdonk, aka tashi mutanen aka zuba yashi a kan gidajensu da gonakinsu. A ɗaya gaɓar kuma ƙauyen Doel ya yi shekaru da dama ana cewa za a rushe shi har kusan kowa ya watse, gidaje suka zama kango masu zane a bango, sai a 2022 gwamnatin Flanders ta ce zai zauna. Wilmarsdonk babu abun da ya rage sai hasumiyar cocinsu, an bar ta tsaye ita kaɗai a tsakiyar kwantenoni da manyan motocin dakon kaya, babu gida ko ɗaya kusa da ita. Ba ta cikin jerin wuraren da motocin 'yan yawon buɗe ido ke tsayawa, sai dai ka hau keke ko ka sami mai mota ya kai ka, kuma in kana da yini biyu a garin ni ina ganin rabin na biyun can ya kamata ya tafi.